Girman Tayar Hunturu: Yadda Ake Zaɓar Wadda Ta Dace da Mota

Tayar hunturu taya ce da ake ƙerawa domin ƙasashen da sanyi ke tsananta har dusar ƙanƙara ta rufe tituna, irin su Kanada, Rasha, Jamus da ƙasashen arewacin Turai. Hunturun da ake nufi a nan ya wuce na buji da hazo da tsagewar leɓe. Shi ne wanda ruwa ke daskarewa a kan kwalta, mota ta riƙa sulɓi kamar an zuba wa hanya mai. Robar wannan taya ba ta sandarewa idan sanyi ya kai digiri 7 a ma'aunin Salshiyas ko ya yi ƙasa da haka, kuma zanenta ya fi zurfi, ga ƙananan tsage-tsage birjik a jikin kowane tudu na zanen, waɗanda ke cizon ƙanƙara. Kamfanin roba na garin Nokia a ƙasar Finlan, wanda yau ake kira Nokian, shi ya fara fitar da irinta a 1934 domin manyan motoci, sannan a 1936 ya fitar da Hakkapeliitta domin ƙananan motoci.

Mai mota a waɗannan ƙasashe yakan ajiye tayoyi kashi biyu, na bazara da na hunturu, yana musanya su sau biyu a shekara. Da yake sayen kashi na biyu dama ce ta sauya girma, tambayar da ke tasowa kowace kaka ita ce: a sayi daidai da na bazara, ko a rage faɗi da girman rim? Ƙa'idar da masu ƙera motoci da masu ƙera tayoyi suka haɗu a kanta ita ce ana iya taɓa faɗi, ana iya taɓa rim, amma tsayin taya gaba ɗaya daga ƙasa zuwa samanta dole ya zauna kusan yadda yake.

Karanta lambobin gefen taya

A gefen kowace taya akwai jerin lambobi, misali 205/55 R16 91H, wanda yana cikin girman da ya fi yawa a ƙananan motocin Turai irin su Volkswagen Golf. Lambar farko, 205, faɗin tayar ne da milimita. Ta biyu, 55, ita ce ta fi rikita mutane, domin ba milimita ba ce, kaso ne: tsayin gefen tayar daga bakin rim zuwa zane shi ne kashi 55 cikin 100 na faɗinta, wato milimita 112.75. Harafin R yana nuna ƙirar radiyal, wadda kamfanin Michelin ya yi wa rajista a 1946 kuma ta mamaye kasuwa daga baya. Lamba 16 kuwa tsayin rim ne da inci. Abin dariya ne a ce layi ɗaya ya haɗa milimita da kaso da inci, amma haka masana'antar ta gada, haka kuma ta ci gaba.

Lambobi biyu na ƙarshe su ne waɗanda mai saye ya fi mantawa da su. Lamba 91 alama ce ta nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka, kilo 615. Da 88 ce, kilo 560 ke nan, 94 kuma kilo 670. Harafin H yana nuna iyakar gudun da tayar za ta jure, kilomita 210 a awa. Q na nufin 160, T 190, V 240, W 270. Idan an ga XL a gefe, tayar mai ƙarin ƙarfi ce, tana ɗaukar iska da kaya fiye da takwararta.

Dalilin rage faɗi

Nauyin mota da yawan iskar da ke cikin taya su ne suke yanke girman wurin da taya ke taɓa ƙasa, wanda bai wuce tafin hannu da kaɗan ba. Faɗin taya yana sauya siffar wurin ne. Faffaɗar taya tana zama a gicciye, gajera daga gaba zuwa baya, siririya kuwa tana zama a tsaye, doguwa. A cikin dusar ƙanƙara mai zurfi, ko a caɓin da ke samuwa idan ta fara narkewa ta gauraya da gishirin da ake watsa wa hanya, faffaɗar taya sai ta ture abu mai yawa a gabanta, kuma tana saurin hawa kan caɓin ta bar kwalta, sitiyari ya zama ba ya jin magana. Siririya tana ratsawa ne kamar wuƙa har ta kai ga ƙasa mai tauri. Wanda ya kalli tseren motoci na ƙasar Suwidin da ake yi a watan Fabrairu zai ga motoci masu ƙarfin gaske a kan tayoyi sirara masu ƙusoshi.

Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba. A manyan biranen Jamus ko Holan, yawancin kwanakin hunturu titi a share yake, sanyi da danshi ne kawai. A irin wannan hanya faffaɗar taya tana riƙe kwana da kyau, birki kuma yana ci da wuri, sannan tana da tsage-tsage masu yawa da ke taɓa ƙasa a lokaci ɗaya. Saboda haka tsohuwar shawarar nan ta cewa siririya ce ta hunturu gaskiya ce ga mazaunin ƙauyen tsauni ko arewacin Finlan, amma ga mai zirga-zirga tsakanin Kolon da Frankfot bambancin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi jan mutane zuwa ƙaramin rim a zahiri shi ne kuɗi da ramuka. Tayar inci 15 ta fi ta inci 17 araha nesa ba kusa ba, rim ɗin ƙarfe ya fi na alminiyam sauƙin kuɗi, kuma dogon gefe yana shanye dukan ramukan da sanyi ke fasawa a kwalta, maimakon rim ya lanƙwashe.

Lissafin tsayi

Ana samun tsayin taya ne ta hanyar ninka gefe sau biyu a haɗa da tsayin rim, bayan an mayar da inci milimita, inci ɗaya 25.4. A 205/55 R16, gefe biyu sun ba da 225.5, rim ya ba da 406.4, jimilla milimita 631.9. A 195/65 R15, gefe biyu 253.5 ne, rim 381, jimilla 634.5. A 225/45 R17, gefe biyu 202.5, rim 431.8, jimilla 634.3. Girma uku mabambanta ke nan, daga rim 15 zuwa 17, daga faɗin 195 zuwa 225, amma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai milimita 3 ba. Shi ya sa ake samun dukkansu ukun a motocin Golf, kuma mai rim 17 a bazara kan koma 16 ko 15 a hunturu. Duk lokacin da rim ya ragu da inci ɗaya, ana rage faɗi da milimita 10 ko 20, a ƙara lambar tsakiya da 10 ko makamancin haka, domin gefe ya cike giɓin.

Masu sayar da taya sun saba cewa kada bambancin ya haura kashi 3 cikin 100, masu tsantseni ma sukan tsaya a 2. Dalili shi ne mota ba ta auna gudunta daga ƙasa, juyin taya take ƙirgawa. Tayar 205/55 R16 tana juyawa kusan sau 504 a kilomita ɗaya, kuma a kan wannan aka saita maleji da na'urar hana birki kullewa da na'urar hana sulɓi. Idan aka sa 205/60 R16, lamba ɗaya kawai ta sauya, amma tsayi ya koma milimita 652.4, ƙarin sama da kashi 3. Motar za ta riƙa gudu fiye da yadda aka lissafa mata, alhali ƙa'idar Turai ta haramta wa maleji nuna ƙasa da ainihin gudu. Ban da haka, doguwar taya na iya gugar cikin madigadi idan an murɗe sitiyari ko an yi lodi, ga kuma dusar ƙanƙara da ke taruwa ta daskare a wurin ta ƙara matse shi.

Akwai kuma tarkon da lissafin tsayi kaɗai ba ya nunawa. Tayar 185/65 R15 tsayinta milimita 621.5 ne, bambancin bai kai kashi 2 ba, sai mutum ya ɗauka ta yi. Amma yawancin tayoyin wannan girma lambar nauyinsu 88 ce, wato kowace ta gaza da kilo 55 idan motar 91 take buƙata. Lambar nauyi ba a rage ta ko da ɗaya, bazara ko hunturu. Wannan ya fi shafar motoci masu aiki da lantarki, waɗanda batirinsu ke da nauyi, har aka fito musu da alamar HL da ta ɗara XL.

Harafin gudu ne kaɗai doka ta yi wa sassauci. A Jamus an yarda a sa tayar hunturu mai harafin da bai kai iyakar gudun motar ba, misali T a motar da ke iya wuce 200, da sharaɗin a manna takarda a inda direba zai riƙa gani, ko a saita gargaɗi a allon mota, kuma kada ya haura iyakar tayar.

Rim da abin da ke bayansa

Kafin a rage rim sai an leƙa birki. Motoci masu ƙarfin inji suna da manyan faifan birki, kuma ƙaramin rim ba ya rufe su. Golf GTI na zamani, alal misali, ba ya karɓar inci 15 duk da ƙannensa suna karɓa. Rim ma yana da nasa lambobin, kamar 6J x 15 ET43: faɗinsa inci 6, tsayinsa 15, ET kuma tazarar milimita ce da ke nuna yadda zai shige ciki ko ya turo waje. Sai yawan ramukan noti da tazararsu, kamar 5x112 na Volkswagen da Audi da Mercedes, da girman ramin tsakiya. Ɗaya daga cikin waɗannan ya saɓa, rim ko dai ya ƙi shiga ko ya shiga yana karkarwa. Motocin da aka sayar sababbi a Tarayyar Turai tun Nuwamban 2014 suna da na'urar lura da iskar taya, kuma a wasunsu na'urar tana cikin kowane rim, don haka kashi na biyu ma sai an saya masa tasa.

Mai zuwa yankin tsaunukan Alps, inda akan tilasta ɗaura sarƙa, yana da ƙarin dalilin zaɓar siririya, domin littafin mota da yawa ya hana sarƙa a kan mafi faɗin girman da aka amince da shi, saboda babu sarari a bayan taya.

Inda ake samun girman da aka amince

Duk wannan lissafi na fahimta ne, hukunci yana hannun maƙerin motar. Girman da ya amince da su suna rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, da cikin littafin mota. A Jamus takardar rajistar mota tana ɗauke da girma ɗaya a layi na 15.1 da 15.2, cikakken jerin kuma yana cikin takardar shaidar ƙira da ake kira CoC. Wanda ya sa girman da ba ya cikin jerin ba tare da izinin masu duba lafiyar mota ba yana iya rasa lasisin hawan motar a titi, kamfanin inshora kuma ya samu abin kamawa ranar haɗari.

Tayoyin huɗu ake sauyawa tare. Sa biyu a gaba kawai yana sa bayan mota ya juyo a kwana. Motoci masu jan ƙafa huɗu, irin su Subaru, ba sa son ko ɗan bambancin tsayi tsakanin gaba da baya, domin yana wahalar da giya. Wasu motocin BMW da Porsche da ke zuwa da tayar baya mafi faɗi sukan koma girma ɗaya gaba da baya a hunturu, idan maƙerin ya yarda.

Alama da dokoki

Girma ya yi daidai amma alama ta saɓa, aikin banza ne. Haruffan M+S da ke nufin taɓo da dusar ƙanƙara maƙeri ne ke buga su ba tare da gwaji ba. Alamar da ke da gwaji a bayanta ita ce hoton tsauni mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki, wadda ta fara a Amurka da Kanada a 1999. Tun 1 ga Oktoban 2024 Jamus ba ta karɓar M+S kaɗai a matsayin tayar hunturu. Dokarta ba ta sa kwanan wata ba, yanayin hanya take bi, tarar kuma Yuro 60 ce, amma Jamusawa suna da al'adarsu ta “daga O zuwa O”, wato daga Oktoba zuwa Ista, da yake sunan bikin a harshensu da O yake farawa. Lardin Kebek na Kanada ya wajabta ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Ostiriya tana neman zurfin zane na milimita 4, Suwidin da Finlan 3, alhali mafi ƙarancin da aka yarda wa taya gaba ɗaya a Turai 1.6 ne.

Wannan bambanci na zurfin zane yana cikin abin da ke sa a cire tayoyin hunturu da sauran zane a jikinsu, wasunsu kuma su biyo kwantena da motocin gwanjo zuwa Kwatano da Legas, duk da Najeriya ta haramta shigo da tsofaffin tayoyi. A rumfar mai faci a Kano ko Maraɗi irin wannan taya takan burge mai saye saboda zanenta ya fi na sauran zurfi, alhali robarta mai laushi ba a yi ta don kwaltar watan Afrilu ba: tana saurin suɗewa, birki kuma yana ja da nisa kafin ya tsayar. Hoton tsaunin nan a gefe shi ke tona ta, lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT a gefenta kuma su faɗi shekarunta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019.