Mene ne LVM, kuma me ke hana kwamfuta tashi a kansa?

A tsarin Linux, LVM (Logical Volume Manager) hanya ce ta haɗa faifan ajiya ɗaya ko fiye su zama taska guda, sannan a yanka taskar gwargwadon buƙata. Heinz Mauelshagen ne ya rubuta shi a 1998. Kamar ɗan kasuwar Mile 12 ta Legas ne da ya kama shaguna uku a jere, ya fasa bangon tsakani, ya raba ciki da katako. Ranar da albasa ta yi yawa sai ya matsar da katakon. Faifan shi ne PV, taskar VG, kowane yanki kuma LV, kuma ana iya ƙara wa yanki girma ba tare da an sake zuba komai ba.

Wajen kunnawa ne rigimar take. GRUB, manhajar da ke fara tada kwamfutar, yakan ɗauko kernel, wato zuciyar Linux, tare da wani ƙaramin tsari na wucin gadi mai suna initramfs, wanda aikinsa ya farkar da VG ya nemo yankin da Linux ke zaune. In ya kasa, sai baƙin allo da saƙon cewa ba a ga wani abu a /dev/mapper ba, wato wurin da Linux ke jera yankunan. Wani lokaci sunan VG aka canza ba a gyara GRUB da /etc/fstab (fayil ɗin da ke lissafa yankunan da za a jona) ba, wani lokaci wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar sabunta kernel, abin da duk mazaunin Legas ya sani.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawar goge faifai. Windows ba ta karanta LVM, don haka in ɗan'uwa daga Agege ya kai kwamfutarsa gyara Ikeja, aka zare faifan aka jona a Windows, zai bayyana kamar babu komai a ciki. Alhali yawanci bayanan suna nan lafiya lau. Don Allah kada ka yarda a goge.

A baƙin allon nan, rubuta lvm vgchange -ay don farkar da VG, sannan exit. Sau da yawa nan take za ta tashi. In ta ƙi, kunna ta da filashin Linux, ka duba taskar da umarnin vgs, yankunan kuma da lvs, ka shiga Linux ɗin da ke kan faifan da umarnin chroot, ka sake gina initramfs: update-initramfs -u a Ubuntu da Debian, dracut -f a Fedora. Sai ka sabunta GRUB.

Amma in vgs ya nuna faifai ɗaya ya ɓace daga taskar, dakata. Duba wayar faifan tukuna, kuma ka kwafe abin da ya rage zuwa wani wuri kafin ka taɓa vgcfgrestore, umarnin da ke mayar da tsohon tsarin taskar.