Demurrage

Demurrage kalma ce ta Turanci daga fannin jigilar kaya ta ruwa, ana furta ta kusan kamar "dimarij". Tana nufin kuɗin da ake biyan mai jirgin ruwa ko mai kwantena idan aka riƙe masa abinsa fiye da kwanakin da aka yi yarjejeniya. Ba a cika jin ta a hirar Turawa ta yau da kullum ba, amma a Kano duk ɗan kasuwar da ke shigo da kaya daga waje, a Kantin Kwari ko kasuwar Singa, ya san ta sarai.

Kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 17 daga tsohon Faransanci demorer, wato jinkirtawa, wanda shi ma ya fito daga Latin demorari. Tushensu ɗaya da demur, sai dai wannan a yau tana nufin nuna rashin amincewa, don haka ba a musanya su.

Ma'anarta ta farko ta shafi hayar jirgi sukutum. Wanda ya ɗauki haya ana ba shi lokacin lodi da sauke kaya, wanda ake kira laytime. Idan lokacin ya cika jirgi bai tashi ba, sai ya riƙa biyan kuɗin kowace rana. Idan kuwa ya gama da wuri, mai jirgi ne zai ba shi lada, wato despatch, wanda bisa al'ada rabin kuɗin jinkirin ne.

Ma'anar da ta fi shafar Kanawa ita ce ta kwantena. Kaya na sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can ko Onne, kamfanin jirgi ya ba da 'yan kwanaki kyauta. Da sun ƙare, lissafi ya fara, kuma yawanci kuɗin rana yana ƙaruwa ne mataki-mataki. A nan ake yawan ruɗewa, domin caji uku ne daban. Demurrage na kwantenar da ke cikin tasha ba a fitar da ita ba ne. Detention na wadda aka fitar amma ba a mayar da ita fanko a kan lokaci ba. Kuɗin ajiya kuma masu kula da filin tashar ne ke karɓa. A bakin 'yan kasuwa da ejan-ejan duk suna ɗaya ake kiransu, wanda ya sa mutum kan biya bai san ainihin abin da ya biya ba. Nisan Kano da Legas, kusan kilomita 1,000 a mota, ya sa caji na biyu, wato detention, ya fi cizon ɗan Arewa: kafin tirela ta zo, a sauke, ta koma, kwanakin sun tafi, sai a zaftare daga kuɗin jinginar kwantena da ya bayar tun farko. Rage irin wannan asara na cikin dalilan kafa tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, ƙaramar hukumar Kumbotso, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023.

Masana tattalin arziki sun ari kalmar don wani abu dabam: cajin da ake ɗora wa riƙe kuɗi, domin kada a ɓoye su. Silvio Gesell, masanin tattalin arziki ɗan Jamus, shi ne ya yi fice da wannan ra'ayi, kuma garin Wörgl na Ostiriya ya gwada shi a 1932, inda takardar kuɗi ke rasa kashi 1 cikin 100 kowane wata sai an liƙa mata kan sarki. Hukumomin ƙasar suka hana a 1933.

A nahawu kalmar tana cikin rukunin sunaye, ba a cika yi mata jam'i ba, kuma an fi ganin ta a takardun kwangila da rasit tare da kalmomin biya, caji ko yafewa.