Ma'anar sauya rukuni a wasan hokin ƙanƙara na jami'o'in Amurka

Mai bibiyar labaran wasannin jami'o'in Amurka ba zai rasa cin karo da kalmar conference realignment ba. Abin da ake nufi shi ne jami'o'i su fice daga rukunin da suke gasa a cikinsa su koma wani, ko su haɗu su kafa sabo, har fasalin gasar gaba ɗaya ya canza. Sauya sheƙa ce, amma ta makarantu. An fi jin ta a ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando, sai dai a hokin ƙanƙara, wato ƙwallon gorar da ake bugawa da takalma masu sulɓi a kan daskararren ruwa, ta yi aikin da ya fi fitowa fili, domin makarantun da ke babban mataki ba su wuce sittin da 'yan kai ba. Ɗaya ta motsa, kowa sai ya ji a jikinsa.

Wanda ya saba da gasar Firimiya ta Ingila sai ya fara ajiye abin da ya sani a gefe. A can ƙwazo ne ke hawar da ƙungiya, rashinsa ya saukar da ita. A jami'o'in Amurka babu hawa babu sauka. Rukuni ƙawance ne na makarantu da suka yarda su riƙa karawa da juna kowace kaka, su tsara jadawali tare, su raba kuɗin talabijin da na gasar ƙarshen shekara. Shiga sai da gayyata, kuma shugabannin jami'o'i ne ke yanke shawara, ba masu horarwa ba. Kana iya cin kofi bana, baɗi abokan zamanka su tattara su bar ka.

Me ya sa rukuni ke da muhimmanci haka? Hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i, ƙungiyoyi 16 take ɗauka a gasar ƙasa ta maza, wadda ke ƙarewa da zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe da ake kira Frozen Four. Zakaran kowane rukuni yana da gurbi kai tsaye, muddin rukunin ya kai makarantu shida. Sauran guraben kuwa lissafi ake yi, ana duba wa ka doke da kuma ƙarfin waɗanda ka kara da su. Ke nan zama da manya riba ne ko a wajen lissafi, ban da cikar 'yan kallo da sha'awar matasan 'yan wasa. Makarantar da ba ta da rukuni dole ta bi gida-gida tana neman wanda zai buga da ita.

Babbar girgizar ta faro ne daga kyauta. A watan Satumbar 2010, attajirin iskar gas Terry Pegula ya bai wa jami'ar Penn State dala miliyan 88, daga baya kuɗin ya kai miliyan 102, domin a gina filin wasa a kuma ɗaga ƙungiyar hoki zuwa babban mataki. A ido abin alheri ne. Amma Penn State 'yar rukunin Big Ten ce, babban ƙawancen da ke da tashar talabijin tasa tun 2007, kuma kafin nan makarantunsa biyar ne kacal ke buga hoki: Minnesota da Wisconsin suna cikin wani rukunin hoki mai suna WCHA, Michigan da Michigan State da Ohio State suna cikin wani rukunin mai suna CCHA. Da Penn State ta zama ta shida, adadi ya cika. A watan Maris na 2011 Big Ten ta sanar da cewa za ta fara gasar hoki tata daga kakar 2013.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Manyan da suka rage ba su tsaya jiran abin da zai biyo baya ba. A watan Yulin 2011, North Dakota da Denver da Colorado College da Minnesota Duluth da Omaha da Miami ta jihar Ohio suka kafa sabon rukuni, NCHC, sannan St. Cloud State da Western Michigan suka bi su. Notre Dame ta bar CCHA ta nufi rukunin Hockey East a gabas, ta kuma sake kwasar kaya zuwa Big Ten a 2017. CCHA, wadda aka kafa a 1971, ta watse bayan kakar da ta ƙare a 2013. Ragowar makarantunta suka shige WCHA, wadda ita ma an riga an kwashe mata manyanta.

Abin da aka rasa ba ya shiga lissafin ma'aji. A da, kowane watan Maris magoya baya kan yi dafifi zuwa birnin St. Paul na jihar Minnesota domin gasar ƙarshe ta WCHA. Filin da ke ɗaukar mutum wajen dubu 18 kan cika, ɓangare guda koren North Dakota, ɓangare guda ja mai duhu da ruwan zinare na Minnesota, ana jifan juna da ba'a tun daga bakin ƙofa. Hamayya ce ta shekaru da dama, iyaye sun gadar wa 'ya'ya. Bayan 2013 sai an zauna an shirya kafin makarantun biyu su haɗu, har aka yi shekarun da ba su cikin jadawalin juna.

Sabuwar WCHA ta makarantu goma ita ce ta kwashi wahalar. Ta miƙe daga Anchorage da Fairbanks a Alaska har zuwa Huntsville a jihar Alabama, tazarar da ta haura kilomita 5,000. Galibin mambobinta ƙananan jami'o'i ne da ke buga sauran wasanni a mataki na biyu, hoki kaɗai ke fitar da sunansu. Lake Superior State, alal misali, ƙaramar makaranta ce a kan iyakar Kanada, amma ta ɗauki kofin ƙasa a 1988 da 1992 da 1994. Irin wannan makaranta da bas take zuwa yawancin wasanninta, a buga Juma'a da Asabar a juyo gida. Tafiya Alaska kuwa sai jirgi, da kayan 'yan wasa sama da ashirin, da kwanakin da ɗalibai za su rasa aji. Makarantun Alaska sun riƙa tallafa wa baƙi da kuɗin tafiya, NCAA kuma ba ta ƙirga wasannin da aka buga a can cikin iyakar wasa 34 da ta sa wa kowace ƙungiya. Duk da haka abin bai ɗore ba.

A watan Yunin 2019 makarantu bakwai suka ce za su fice: Bemidji State, Bowling Green, Ferris State, Lake Superior State, Michigan Tech, Minnesota State da Northern Michigan. Suka farfaɗo da tsohon sunan CCHA, suka fara wasa a 2021 tare da jami'ar St. Thomas. Uku aka bari a baya, biyun Alaska da Huntsville, kuma uku ba sa yin rukuni. Ɓangaren maza na WCHA, mai tarihi tun 1951, ya rufe. Na mata ne ya ci gaba. Huntsville ta dakatar da hoki a 2021. Anchorage sai da magoya baya suka tara dala miliyan 3 kafin ta dawo a 2022, ba tare da rukuni ba. Abin da manya suka yi wa waɗannan bakwai a 2011, shi suka juya suka yi wa na ƙasa da su, kuma da wuya a ga laifinsu idan aka dubi kasafin kuɗinsu.

Wa ya ci riba? A nawa ganin, ba wadda ta tayar da ƙurar ba. Big Ten ta samu wasannin da za ta nuna a tasharta, Penn State ta samu fili da ƙungiya har ta kai Frozen Four a 2025, amma daga 2014 zuwa 2025 babu makarantar Big Ten da ta ɗauki kofin maza. NCHC, wadda tsoro ya haifa, ta ɗauka sau bakwai tsakanin 2016 da 2025: North Dakota sau ɗaya, Denver sau uku, Minnesota Duluth sau biyu a jere, sai Western Michigan.

Kuma har yanzu ƙafa ba ta tsaya ba. A 2024 Arizona State, daga tsakiyar hamada, ta shiga NCHC bayan shekaru tana yawo ita kaɗai. A shekarar ce rukunonin Atlantic Hockey da College Hockey America suka haɗe suka zama Atlantic Hockey America. St. Thomas ma, wadda ta cike CCHA zuwa takwas, ta karɓi gayyatar komawa NCHC daga 2026.