Mece ce ƙasar kast, kuma me ya sa aka yi wa ruwanta taswira?

Kast suna ne da masana ilimin ƙasa ke kiran yankin da dutsensa ke narkewa a ruwa, galibi dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙowa a Kalambaina da Ashaka ana yin siminti. Sunan ya samo asali ne daga tudun Kras da ke kan iyakar Sulobeniya da Italiya, wanda Jamusawa ke kira Karst.

Ruwan sama yakan kwaso iskar kabon a hanyarsa ta saukowa, ya ƙara wata a cikin ƙasa, sai ya ɗan yi tsami. Tsamin ba wani na a zo a gani ba ne, amma yau da gobe ba ta bar komai ba. Cikin dubban shekaru sai 'yar tsaga a jikin dutse ta buɗe ta zama hanyar ruwa, hanyar ta zama kogo. Shi ya sa a irin wannan wuri ƙasa kan rufta ta bar rami, rafi kuma yana cikin tafiya sai ya nutse, a neme shi a rasa.

A kudancin Jamus, kusa da garin Immendingen, kogin Danube guda yakan ƙafe da rani saboda haka. A 1877 wani masani, Adolf Knop, ya zuba gishiri da rini a inda ruwan ke nutsewa. Bayan kamar awa 60 sai ga su a maɓuɓɓugar Aachtopf, kilomita 12 daga wurin, wadda ruwanta ke gangarawa kogin Rhine. Wato ruwan da kowa ya ɗauka ya nufi Bahar Aswad, ashe Tekun Arewa ya dosa.

Nan gizo ke saƙar. A ƙasa mai yashi ruwa a hankali yake tsiyaya, yashin na tace shi. A kast kuwa gudu yake yi, babu mai tace shi, duk abin da ya kwaso da shi zai isa. A Walkerton ta Kanada, a shekarar 2000, ruwan sama ya wanko kashin shanu ya kai shi rijiyar gari ta tsagogin dutse, ga kuma sakaci wajen zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mutum 7 suka rasu, kimanin 2,300 suka kwanta. Mai haƙa burtsatse ma yana shan tasa: a nan ya dace da hanyar ruwa, taku kaɗan gaba ya tarar da busasshen dutse.

Duk da haka ruwan kast na shayar da manyan birane. Tun 1873 Biyana, babban birnin Ostiriya, ke janyo shi daga tsaunukan Alps, Rum ma da shi ta dogara, haka Dimashƙ da maɓuɓɓugar Ainul Fija.

A 2017 UNESCO da hukumar binciken ƙasa ta Jamus da ƙungiyar masana ruwan ƙarƙashin ƙasa ta duniya da cibiyar fasaha ta Karlsruhe suka fitar da taswirar ruwan kast ta duniya. Lissafin da aka yi a kanta ya nuna irin wannan dutse ya mamaye kusan kashi 15 cikin 100 na doron ƙasar da ƙanƙara ba ta rufe ba, kuma mutum fiye da biliyan 1 ke zaune a kansa.

Kada mai neman inda zai haƙa rijiya ya ɗauko ta, domin santimita 1 a jikinta kilomita 400 ce a ƙasa. Amfaninta, a ganina, na gwamnatoci ne: su san yankin da bai kamata a zuba shara ko a haƙa masai ba sai an gwada da rini, su kuma san inda ruwansu ya ratsa iyaka. Maɓuɓɓugar Ombla da ke shayar da Dubrovnik a Kuroshiya take, amma akasarin ruwan da ke fitowa daga cikinta ruwan sama ne da ya sauka a Bosniya.