Maigida, Buɗe Taga Ba Ya Korar Hayaƙin Taba

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na Aboabo, Asawase, Sabon Zango da kewaye a nan Kumasi. Da yawanku kun san ni a wurin awon yara, wasu kuma na sha shigowa gidajenku da akwatin rigakafi. Yau ba allura na kawo ba. Maganar taba ce, kuma da maza nake.

Yaran da ake kawo mana da tari sun yi yawa, kuma su ɗin dai ne ke ta dawowa. A ba yaro magani ya warware, ba a jima ba uwa ta sake goyo shi, numfashi na fita da ƙyar, ƙirji na kuka. Wani kuma kunne ke zubar da ruwa. Uwa ta ce, "Anti Nas, hunturu ne," ko ta ce sanyi ya kama shi. Ni kuwa da ta kwance goyo, warin sigari ne ke fara yi mini sallama. Jaririn da ko zama bai fara ba, hularsa da rigarsa da zanin goyon duk taba suke wari. In na tambaya, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Babansa ne, amma fa yana buɗe taga."

Wannan buɗe tagar ta ishe ni, wallahi. Maigida, wace taga? Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, a nan ake kwana, a nan ake cin abinci, katifar yara na ƙasa kusa da ƙafarka. Ka kunna sigari bayan isha'i, ka tura taga kaɗan saboda sauro, ka kunna fanka. Fankar nan ba waje take kai hayaƙin ba, raba shi take yi wa kowa a ɗakin. Abin da bai shiga hancin yaro a daren ba ya maƙale a labule, a gidan sauro, a matashin kai, gobe ya kwanta a kai. A cikin hayaƙin taba akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna kawo sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa babu wani ɗan kaɗan na hayaƙin nan da ba ya cutarwa, kuma a lissafinta sama da mutum miliyan 1 ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin tabar da wani ya sha, ba su ba.

Yaro ya fi babba saurin numfashi, huhunsa kuma bai gama ƙwari ba. Shi ya sa namoniya, asma da ciwon kunne suka fi samun wuri a gidan da ake shan taba a ɗaki. Akwai ma jariran da ake kwantar da su lafiya a wayi gari babu rai, kuma hayaƙin taba na cikin abubuwan da ke ƙara wannan haɗari. Matarka mai ciki in tana shaƙa, tana iya haifar ɗa ƙarami mara nauyi. Ita kanta, bayan shekaru, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko sankarar huhu na iya samunta, alhali ko kara ɗaya ba ta taɓa kunnawa ba. Haƙƙin wa ke nan?

Ba raina ku nake yi ba, yayyena. Na san wahalar da kuke sha, wani tun asuba yana kan pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, wani yana dakon kaya a kasuwar Kejetia har yamma. Na kuma san barin taba ba abin wasa ba ne, tana kama jiki. Mai son bari ya zo mu zauna, ba za mu tona masa asiri ba. Amma abin da nake roƙo yau ko sidi ɗaya ba zai ci maka ba: ka tashi ka fita. Ba bakin ƙofa ba, ba baranda inda mata ke girki yara na rarrafe ba. Can waje, nesa da mutane. In ka dawo ka wanke hannu da baki, ka canza riga kafin ka ɗauki jariri.

Sai kuma wajen gida, inda abin ya zama kamar ba laifi ba. A bes ɗin ataya samari goma na zaune, biyu ke shan taba, takwas na shaƙa, ga ƙananan yara da aka aika sayen sukari suna tsaye a kansu. A gidan kallon ƙwallo an rufe ƙofa da labule, hayaƙi har ya dushe hasken talabijin. A tasha mutum ya jingina da trotro, motar haya, yana busawa, ga mai goyo a kujerar taga. Shisha kuwa, da ƙamshin tuffa ko na'a-na'a ta yaudari 'yan mata da samari, taba ce, ga hayaƙin gawayi a kai. Ruwan da ke cikin tulun ba ya tace gubar.

Kuma ku sani doka ta hana. Gana ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2004. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, wadda ake kira Act 851, ta haramta shan taba a wuraren taruwar jama'a da wuraren aiki, sai dai a wurin da aka keɓe, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. A 2016 aka fitar da ƙa'idojin aiwatarwa, L.I. 2247, kuma hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, ce ke sa ido. To in ka ce wa mutum ya kashe tabarsa a cikin mota ko a wurin cin abinci, ba rashin kunya ka yi ba. Mu ne dai muke jin nauyin juna, a yi ta tari a kasa magana. Mace ba za ta iya ce wa mijinta ko surukinta ya fita ba, mun san wannan. Saboda haka ku masu gida, sarakunan zango da limamai, ku ya kamata ku faɗa. Hadisin nan na "ba cuta, ba cutarwa" ai a bakinku muka ji shi.

A taƙaice, don kada na cika ku da surutu:

Kada a sha taba a ɗaki, ko da yara sun tafi makaranta.
Kada a sha a cikin mota ko pragya.
A daina aiken yaro sayen sigari, a daina ce masa ya kawo wuta.
Mai shago, mai gidan abinci, mai gidan kallo, ku liƙa alamar hana shan taba, ku kuma tsaya a kanta.
Baƙon da ya zo barka ko suna, a ce masa da girmamawa, "Kawu, akwai jariri a ciki."

Ku kuma iyaye mata, in kin ga yaro na numfashi da sauri, ƙasan ƙirjinsa na shigewa ciki, ko ya ƙi kama nono, kada ki tsaya sayen maganin tari a kemis. Ɗauki katin inshora ki kawo shi asibiti a ranar, ko da dare ne. In muka tambaye ki ko ana shan taba a ɗakin, ki gaya mana gaskiya, domin da ita za mu san yadda za mu yi da ciwon.