Yawon Koyon Tsirrai na Linnaeus a Uppsala

Yawon koyon tsirrai na Uppsala, wanda ake kira Herbationes Upsalienses da harshen Latin, fita ce ta ƙafa da masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus (1707–1778), ya riƙa jagoranta a dazuzzuka da fadamu da gonakin da ke kewaye da birnin Uppsala, domin ya nuna wa ɗalibansa tsirran ƙasarsu a inda suka tsiro da kansu. Abin ya fi tashe a shekarun 1740, lokacin da mutum ɗari biyu ko fiye kan rufa masa baya a fita guda. An rubuta bayanin hanyoyi takwas da suke bi a shekarar 1753, kuma har yau mutane na bin sawunsu.

Mafari

A Turan wancan zamani kusan duk magani daga ganye da saiwa da ɓawon itace ake samunsa, saboda haka likita ko mai haɗa magani da bai san tsirrai da idonsa ba, rayukan mutane yake wasa da su. Wannan ne ya sa aka daɗe ana fitar da masu koyo daji. Ƙungiyar masu haɗa magani ta Landan, wadda ta sami izinin sarki a 1617, takan shirya wa yaran sana'a irin wannan fita, kuma ɗaya daga cikin 'ya'yanta, Thomas Johnson, ya rubuta labarin wadda suka yi zuwa yankin Kent a 1629. A Faransa ma Bernard de Jussieu yana fita da ɗalibai bayan garin Faris, kuma Linnaeus ya bi shi lokacin da ya kai ziyara a 1738.

Shi kansa Linnaeus da baki ya fara koya. Mahaifinsa fasto ne a ƙauye, mai son lambu ƙwarai. Ya ba da labarin cewa yana ɗan shekara huɗu ya ji mahaifin yana gaya wa baƙi sunayen tsirrai, daga nan ya addabe shi da tambaya, yana ji yana mantawa, har uban ya ce ba zai ƙara faɗa masa sunan komai ba muddin zai ci gaba da mantuwa. Tun daga ranar ya ɗauki riƙe suna da muhimmanci. Ya shiga Jami'ar Uppsala a 1728, ya zama farfesa a cikinta a 1741, kuma aka damƙa masa lambun tsirran jami'ar wanda Olof Rudbeck babba ya kafa a 1655.

Yadda ake fita

Uppsala tana can arewa sosai. Hunturunta dogo ne mai ƙanƙara, tsirrai kuwa sai su yi ta gaggawar toho da fure a 'yan watannin ɗumi. A watan Yuni hasken rana kan wuce awa 18 a yini. Wannan ɗan lokaci shi ne damar malamin, bai kuwa yi wasa da ita ba. A cewarsa, ranakun Laraba da Asabar ake fita tun ƙarfe 7 na safe, ba a dawowa sai wajen 9 na dare.

An tsara tafiyar kamar ayarin fatake, kowa da aikinsa. Akwai magatakarda mai rubuta duk abin da malam ya faɗa. Akwai mai kula da ɗa'a, domin an kafa doka a kan mai makara da mai sulalewa kafin a tashi da wanda bai zo ba. Akwai maharbin da ke harbo tsuntsu idan ana son a duba shi kusa, tunda yawon bai tsaya kan tsirrai kaɗai ba, ya haɗa da ƙwari da duwatsu. Linnaeus ya zayyana waɗannan ƙa'idoji a littafinsa Philosophia Botanica na 1751, har da irin tufafin da za a sa: marasa nauyi, masu saukin tafiya, da hula mai faɗi. Kayan aiki su ne wuƙa, gilashin ƙara girman abu, alƙalami da takarda, allurai na soke ƙwari, da wani akwatin kwano mai murfi da ake ratayawa a kafaɗa don kada abin da aka tsinko ya yanƙwane kafin a kai gida.

Da an bar gari sai ɗalibai su watsu rukuni-rukuni, kowa ya shiga nema. Lokaci-lokaci a taru a zube abin da aka samo a gaban malam. Sai ya ɗauki tsiro ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi sunansa, ya nuna alamar da ta raba shi da 'yan uwansa, yawanci a cikin furen, ta hanyar ƙirga sassansa na namiji da na mace. Daga nan ya shiga amfaninsa: wannan ana rini da shi, wannan shanu na so, wancan maganin tari ne a wajen mutanen ƙauye, wancan kuwa guba ne. Yakan haɗa da camfe-camfen manoma da labaran da ya tsinto a tafiye-tafiyensa. Wasu daga cikin takardun da magatakardan suka rubuta suna nan ajiye, kuma daga su ake gane cewa mutumin ya iya baki, ya san yadda zai sa ɗan ƙaramin haki ya zauna a zuciyar mai sauraro.

Batun guba ba wasa ba ne a wurinsa. A tafiyarsa ta arewacin ƙasar a 1732 ya iske mutanen Torneå suna kukan mutuwar shanu duk farkon shekara idan an sake su kiwo, ba su san dalili ba. Da ya zaga fadamar sai ya ga ta cika da wani tsiron bakin ruwa mai dafi a saiwa, wanda ake kira Cicuta virosa. Irin wannan sani yana buƙatar mutum ya taka wurin, ya ga ƙasar, ya ga abin da dabba ke ci.

Da yamma ayari kan dawo gari da furanni a huluna, ana busa ƙaho ana kaɗa ganguna, a rako malam har ƙofar lambu ana yi masa kirari da Latin, ana cewa ransa ya daɗe.

Hanyoyi takwas

Hanyoyin sun ɗauki sunayen wuraren da suka nufa: Gottsunda, Ultuna, Håga, Danmark, Gamla Uppsala, Vaksala, Husby da Jumkil. Danmark ɗin nan wata gunduma ce kudu maso gabashin birnin, ba ƙasar da aka sani da wannan suna ba. An zaɓe su ne yadda ɗalibi zai ga ƙasa iri-iri a shekara guda: dajin itatuwa masu ganye kamar allura, tudun yashi da tsakuwa, bakin kogin Fyris, makiyaya, da dausayi. Darasin da ke ciki shi ne kowane tsiro da mazauninsa, kuma wanda ya san mazaunin ya yi rabin gane tsiron tun kafin ya sunkuya.

A hanyar Danmark ake ratsa fadamar Kungsängen, inda wani fure mai kama da ƙararrawa, mai zanen dara a jikinsa, kan rufe fili a watan Mayu. Sunansa Fritillaria meleagris, kuma shi ne furen da lardin Uppland, inda Uppsala take, ya ɗauka tambarinsa. Masana da yawa suna ganin ba ɗan asalin wurin ba ne, daga lambu ya tsere ya bazu. Wannan na nuna wahalar da ke cikin raba tsiron gida da baƙo, matsalar da duk mai jagorantar irin wannan yawo kan ci karo da ita. Mai karatu a ƙasar Hausa ya san misalinta a dogon yaro, wanda daga yankin Indiya aka kawo shi amma yau ba garin da babu inuwarsa.

Abin da dabbobi suka koyar, da gajeren suna

A nan ne yawon ya haifar da abin da ya fi shi girma. Linnaeus yana son ya san wace ciyawa ce ke amfanar dabbobin ƙasarsa, sai ya sa ɗalibai su riƙa bin shanu da awaki da tumaki da dawaki da aladu, suna miƙa musu tsirrai suna rubuta wanda suka ci da wanda suka ƙi. An buga sakamakon a 1749 da sunan Pan Suecicus, bayan gwaji 2,314. Awaki sun ci iri 449 sun ƙi 126. Tumaki sun ci 387 sun ƙi 141. Shanu sun ci 276 sun ƙi 218, dawaki 262 da 212, aladu kuwa 72 kacal suka ci suka ƙi 171. Duk makiyayin da ya ji cewa akuya ce ta zo ta ɗaya ba zai yi mamaki ba, amma a lissafa abin da lamba, tsiro bayan tsiro, sabon abu ne a lokacin.

Sunayen tsirrai na masana a wancan zamani jimloli ne dogaye na Latin masu siffanta ganye da fure. Wani ɗan ganye mai ƙamshi da kyanwa ke so, sunansa Nepeta floribus interrupte spicatis pedunculatis. Ɗalibin da ke bin akuya a guje da alƙalami a hannu ba shi da lokacin rubuta wannan. Saboda haka aka koma ga taƙaitawa: kalma ɗaya ta dangi, ɗaya ta iri, ganyen nan ya zama Nepeta cataria. An yi amfani da irin waɗannan gajerun sunaye a Pan Suecicus, sannan a 1753 Linnaeus ya bi tsirrai kusan 6,000 ya ba kowanne nasa a littafin Species Plantarum. Daga wannan littafi masana tsirrai na duniya suke fara lissafin sunayen da aka amince da su har yau. Ana yawan ba da labarin tsarin kamar a ɗakin karatu aka ƙirƙire shi, alhali buƙatar mai tafiya a daji tana da babban hannu a ciki.

Ƙorafi

Ba kowa ne ya ji daɗin ganguna da ƙaho ba. A 1748 Carl Hårleman, babban mai zanen gine-ginen fada kuma mai faɗa a ji, ya rubuto wa Linnaeus wasiƙa yana sukar shigar ɗaliban da hayaniyar da suke yi a gari. Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai. Bayan haka an rage shagalin, fitar kuwa ta ci gaba. Ɗaliban duk maza ne, domin jami'ar ba ta ɗaukar mata a lokacin, duk da cewa a ƙauyukan da ake ratsawa mata na cikin waɗanda suka fi sanin ganyen magani da na rini.

Ɗalibai da tsirran Afirka

Waɗanda suka koyi kallo a bayan garin Uppsala sun bazu duniya. Pehr Kalm ya tafi Amurka ta Arewa, Daniel Solander ya bi jirgin ruwan matuƙin nan ɗan Ingila, James Cook, a 1768, Carl Peter Thunberg ya yi aiki a Afirka ta Kudu da Japan. Da yawa ba su dawo ba. Peter Forsskål ya rasu a Yaman a 1763, amma kafin nan ya yi abin da ya cancanci yabo: yakan tambayi mutanen wuri sunan tsiro, ya gina sunan Latin a kan na Larabci. Ta haka aka sami Maerua crassifolia, wato jiga, da Cadaba farinosa, wato bagayi, waɗanda ake samu a Yaman kuma ake samu a Sahel. Adam Afzelius ya isa Saliyo a 1792, kuma don girmama shi aka raɗa wa kawo suna Afzelia africana. Kuka kuwa Linnaeus da kansa ya sa mata Adansonia digitata, da sunan Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarinta a Sanagal.

Linnaeus bai taɓa taka Afirka ba. Tsirranta ya san su ne a bushe a manne kan takarda, ko a lambu. Tafasa da rai ɗore duk ya ba su suna a 1753 a ƙarƙashin dangi ɗaya, Cassia. Yarinyar da ke bin kakarta tsinkar ganye da damina tana raba su tun daga nesa: ganyen tafasa bakinsa a kewaye yake, na rai ɗore mai tsini ne kuma da wari. Ta san wanda ake kwaɗo da shi da wanda ake bari. Hanyar da ta koya, wato bin wanda ya sani, a nuna a taɓa a sansana a faɗi suna, ita ce hanyar da aka bi a Uppsala. Abin da Uppsala ta ƙara shi ne magatakarda. A ƙasar Hausa wani likita ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, ya yi wani ɓangare na wannan aiki da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916, kuma abin da ya rubuta daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya samo shi.

A yau

Hanyoyin takwas an sa musu alamu, ana kiransu Linnéstigarna, kuma kowa na iya bin su, shi kaɗai ko tare da jagora. Birni ya cinye wasu sassa, noman zamani ya kawar da makiyaya da dama, amma tsirrai masu yawa suna nan a wuraren da aka rubuta su a ƙarni na 18, abin da ya ba masana damar kwatanta jiya da yau su ga wanda ya ɓace da wanda ya shigo. Hanyar Danmark tana kaiwa yankin Hammarby, gonar da Linnaeus ya saya a 1758, wadda yanzu gidan tarihi ce.

Al'adar Suwidin da ake kira allemansrätten ta ba kowa izinin ratsa daji da tsinkar furanni da 'ya'yan itatuwa da naman kaza, ban da tsirran da doka ta kare da wuraren da aka keɓe. Jagororin yanzu sukan fi son a ɗauki hoto a bar tsiron a inda yake. Kowace shekara a watan Yuni ƙungiyoyin masana tsirrai na Suwidin da maƙwabtanta na arewa suna ware ranar Lahadi guda ta furannin daji, inda masu sani ke fita da jama'a kyauta a garuruwa da ƙauyuka, yara da manya, su nuna musu abin da ke tsirowa a bayan gidajensu.