Waiwaye: Yadda Ciwon Hanta Ya Daɗe a Sakkwato Kafin a San Sunansa

A 'yan shekarun nan da wuya a taɓo batun gwajin jini kafin aure a wata majalisa a Sakkwato, ko a Mabera ko a Runjin Sambo ko a tsohon gari, ba tare da ciwon hanta ya shigo cikin zancen ba. Wasu suna ganin wajibi ne a tilasta gwajin kamar yadda jihar Kano ta yi da dokarta ta shekarar 2024, wadda ta haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Wasu kuma suna kukan cewa takardar ɗakin gwaji ta zama sabuwar hanyar rushe aure bayan an kai lefe an sa rana. Ana muhawarar ne a rediyo da WhatsApp da ƙofar masallaci, kuma abin da ya fi jan hankalin mai saurare shi ne yadda ɓangarorin biyu suke magana kamar cutar baƙuwa ce da ta sauka jiya. Tarihin lamarin ya nuna cewa sakamakon da matasa suke karɓa a yau an rubuta mafi yawansa tun suna cikin zanen goyo.

Tarihin gano ƙwayoyin cutar sananne ne, kuma ba ya buƙatar dogon bayani. A shekarar 1965 wani likita Ba'amurke mai suna Baruch Blumberg ya ga wata alama a jinin wani ɗan asalin ƙasar Ostareliya, wadda daga baya aka tabbatar ta ƙwayar ciwon hanta nau'in B ce, kuma wannan aiki ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 1976. An gano nau'in A a 1973, nau'in C kuma sai a 1989. An amince da allurar rigakafin nau'in B a Amurka a 1981, aka fara babban gwajinta a kan jarirai a Gambiya a 1986, sannan a 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowace ƙasa ta saka ta cikin alluran yara. Ranar 28 ga Yuli da ake tunawa da cutar kowace shekara ranar haihuwar Blumberg ce.

Duk tsawon wannan lokaci Bahaushe yana da nasa sunan, wato shawara. Idan idon mutum ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi ja, ya kasa cin abinci, sai a ce shawara ta kama shi, a nemo sassaƙe da jiƙo, a hana shi mai. Kalmar ta yi aiki na ƙarnoni, amma alama take kira, kuma wannan alama ɗaya tana fitowa daga cututtuka da dama: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sikila, toshewar matsarmama, zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa, da kuma nau'o'in ciwon hanta. Nau'in A da E, waɗanda ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa da abinci, su ne suka fi dacewa da wannan hoto, domin suna zuwa da rawayar ido su wuce cikin makonni a mafi yawan mutane, ko da yake nau'in E yana da haɗari ƙwarai ga mai juna biyu, kamar yadda aka gani a ɓarkewar da ta auku a Diffa ta Jamhuriyar Nijar da Ngala ta jihar Borno a 2017. Nau'in B da C kuwa suna iya zama a jikin mutum shekara ashirin ko talatin yana kasuwancinsa, yana aure, yana haihuwa, idonsa fari tas. Sa'ad da hanta ta ƙeƙashe ko ciwon daji ya kama ta, ciki ya kumbura, ƙafa ta tasa, ko aka yi aman jini, ba wanda yake danganta abin da shawara. A gidaje da yawa sammu ake fara zato, musamman idan mamacin magidanci ne ɗan shekara arba'in da ke kan ganiyarsa.

Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma ƙanjamau ya mamaye duk wata magana a kan cututtukan jini. Faɗakarwar da aka yi a kansa ta yi tasiri har mutanen birni suka koyi sayen rezarsu da injin askinsu, kuma wannan ya taimaka wajen rage ciwon hanta ko da ba a ambace shi ba. Sai dai faɗakarwar ta bar wani tunani a zukata, cewa duk cutar da ke bin jini ta hanyar alfasha take zuwa. Da ciwon hanta ya fara bayyana a takardun gwaji, wannan rigar kunya aka ɗauko aka sa masa.

Lokacin da ya fi cancantar a tsaya a kansa, wanda kuma kusan ba a ambatonsa a muhawarar yau, shi ne shekarar 2004. A wannan shekara ce allurar rigakafin nau'in B ta shiga jerin alluran yara na kyauta a Najeriya, a kan tsarin ba da ta farko a ranar haihuwa, sauran kuma cikin makonnin da ke biye. Wannan babban al'amari ne idan aka san yadda cutar take zama a jiki. Babban mutum da ya ɗauki ƙwayar yakan kore ta da kansa, kuma ƙasa da biyar cikin ɗari ne take zame musu ta dindindin. Jariri kuwa da ya ɗauke ta wajen haihuwa ko a watanninsa na farko, kusan tara cikin goma za su rayu da ita har ƙarshen rayuwa. A ƙasashe irin namu mafi yawan masu ɗauke da nau'in B daga uwa suka samo shi, ko daga cuɗanyar ƙuruciya ta hanyar rauni da ƙuraje da kayan yanka. Wato allurar 2004 ta zo daidai ƙofar da cutar ta fi shigowa.

Amma ta zo a mummunan lokaci. Daga tsakiyar 2003 zuwa 2004 Arewa tana cikin taƙaddama a kan ɗigon rigakafin shan inna, jita-jita ta cika gari, kuma kalmar rigakafi kanta ta zama abin zargi a gidaje da yawa. Shekarun da suka biyo baya duk ƙarfin faɗakarwa ya tafi wajen dawo da amincewar iyaye da ɗigon shan inna, ana bi gida gida da alli da akwatin sanyi, sarakuna da malamai suna sa baki. Aiki ne da ya zama dole, kuma ya yi nasara. Sabuwar allurar hanta dai ba ta cikin abin da ake kaiwa ƙofar gida. Sai uwa ta ɗauki jaririnta ta je asibiti ko ɗakin shan magani. Ta shigo ƙasar shiru, babu waƙa a rediyo da ta zauna a bakin yara, babu wani suna na Hausa da ya bi ta. Uwar da ta kai ɗanta ta san an yi masa allurar kafaɗa mai barin tabo da ta cinya, amma da wuya ta iya faɗin abin da ta cinyar take karewa.

Akwai kuma batun awa 24 na farko, wanda a ganina shi ne zuciyar matsalar a Sakkwato. Allurar haihuwa tana yin cikakken aikinta na katse cutar daga uwa zuwa ɗa ne idan an yi ta cikin kwana ɗaya da haihuwa, kuma a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara jaddada hakan ga dukkan jarirai. Mafi yawan haihuwa a jihar nan a gida ake yin ta, a hannun ungozoma ko dattijuwar gida, har ma a cikin birni inda asibiti bai yi nisa ba. Bisa al'ada mai jego ba ta fita, jariri ma ba a yawo da shi kafin suna, wasu gidajen sai an yi arba'in. Al'ada ce da aka gina a kan tausayin uwa da kare jariri daga sanyi da idon jama'a, kuma ba wanda ya zauna ya tsara ta don ta yi karo da wata allura. Duk da haka karon ya auku: ranar da allurar ta fi amfani ita ce ranar da ba a fita da jariri. A cikin wannan makon ne kuma wanzami yake zuwa don cire beli da askin suna, a wasu gidajen har da tsaga, da aska da ƙarfen da suka yi aiki a wani gida da safe. Ƙwayar nau'in B tana iya rayuwa a kan ƙarfe aƙalla kwana bakwai bayan jini ya bushe, kuma goge aska da tsumma ba ya kashe ta. Wanzamai ba su san da wannan ba, iyayen ma haka, domin ba a taɓa kawo musu bayanin da harshen da suke ji ba.

A 2012 aka sake wani sauyi da ya ƙara ɓoye sunan. An haɗa rigakafin hanta da wasu huɗu a allura guda, wadda ma'aikatan lafiya suke kira fenta, ana yin ta a mako na 6 da na 10 da na 14, ta haihuwa kuma aka bar ta ita kaɗai. Ta fuskar aiki ci gaba ne, domin an rage yawan tsirar da ake yi wa yaro, an kuma ƙara masa kariya daga wata ƙwaya mai kawo sanƙarau da ciwon huhu. Ta fuskar sani kuwa, ciwon hanta ya zama ɗaya daga cikin biyar a ƙarƙashin wata kalma da ba ta nufin komai a kunnen Bahaushe. Ko wannan ma ba ta isa ga yara ba yadda ya kamata. Binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 a kan rigakafin yara ya nuna cewa kashi 33 cikin ɗari ne na yaran Najeriya suka samu fenta ta uku, a Legas kashi 80, a Sakkwato kuwa kashi 3.

Idan aka yi lissafi, yaron da aka haifa a 2004 ya haura shekara ashirin yanzu, kuma yarinyar da aka haifa a lokacin ta kai ko ta wuce shekarun da ake aurar da 'ya'ya mata a nan. Su da yayyensu, waɗanda aka haifa kafin allurar ta iso, su ne suke layi a ɗakunan gwaji a yau. Binciken ƙasa na 2018 da aka yi a kan ƙanjamau, wanda ya haɗa da ciwon hanta, ya samu nau'in B a jinin kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, nau'in C kuma kashi 1.1. Wannan na nufin kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu yana da nau'in B, adadin da ya ninka na ƙanjamau sau da yawa. A duniya ma hoton bai bambanta ba, domin rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta mutum miliyan 254 masu nau'in B da miliyan 50 masu nau'in C, da mutuwar miliyan 1.3 a shekara, kuma kashi 13 cikin ɗari kacal na masu nau'in B ne suka san suna da shi.

Mazauna birni sun fara jin sunan cutar ne ta ƙofofi da ba a shirya su don koyarwa ba: wajen ba da jini ga ɗan'uwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, wajen awon ciki, wajen neman aiki ko takardar fita waje, sannan yanzu wajen aure. A duk waɗannan wurare sakamako ne yake zuwa kafin bayani. Giɓin da aka bari kuma masu tallar magani da lasifika a kasuwanni da tashoshin mota suka cike shi, suna alkawarin wanke hanta cikin mako biyu, alhali wasu jiƙe-jiƙen suna ƙara wa hantar nauyi. Daga nan aka samu wani irin sani mai rabi da rabi, inda ɗan boko da ɗan kasuwa duk sun ji sunan, amma da yawa sun ɗauka ana kamuwa ta gumi ko musabaha ko cin tuwo a kwano ɗaya. An haɗa hanyar nau'in A da tsawon zaman nau'in B da kunyar ƙanjamau a cuta guda, kuma sakamakon shi ne a ware wa mutum cokali da kofi a gidan ubansa.

Abubuwan da suka fi shafar muhawarar aure su ne aka fi rashin sani. Wanda zai auri mai nau'in B yana iya kare kansa da allura uku cikin wata shida idan gwaji ya nuna bai ɗauka ba. Ba kowane mai ɗauke da ƙwayar ne yake buƙatar magani nan take ba, amma kowa yana buƙatar likita ya riƙa duba hantarsa, kuma wanda ya kai matakin shan magani akwai ƙwayoyi irin su tenofovir da suke danne cutar ko da ba su kawar da ita. Nau'in C ba shi da rigakafi, amma tun daga 2013 aka samu magungunan da suke warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari cikin makonni 12 zuwa 24, kuma da su ne Masar, wadda ta yi fama da shi fiye da kusan kowace ƙasa, ta karya lagonsa bayan ta gwada miliyoyin mutanenta daga 2018. Mace mai nau'in B tana iya shayar da ɗanta. Idan ƙwayar ta yi yawa a jininta ana ba ta magani daga mako na 28 na ciki, sannan a yi wa jaririn allurarsa a ranar da ya faɗo, tun kafin a yanka ragon suna.